Ɗigo Biyu a Bakin Jikar Ungozoma

Mahaifiyata ungozoma ce, kuma 'yar Katolika irin wadda ba ta ɗaukar addini da wasa. Mu jikokin Maguzawa ne. Kakana ya shiga coci tun kafin ruwan madatsar Tiga ya iso yankinmu, gidajenmu kuma 'yan kaɗan ne a gefen wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Sauran garin duk Musulmi ne. Kanal ɗaya ke shayar da tumatur ɗinmu da nasu, injin ɗaya ke cashe mana shinkafa, kuma kusan duk yaron da aka haifa a garin a zamanina, hannun Mama ya fara faɗawa. Ba gidan da ake ce mata ba shiga.

Da aka buɗe asibitin sha-ka-tafi a garin, sai aka ɗauke ta aiki tana taimakon masu awon ciki. A nan ta yi abin da ya sa sunanta ya zaga gari. An kawo ƙwayoyin hana ɗaukar ciki da allura, aka ce ta riƙa ba matan da suka nema. Ta ce ita kam ba da hannunta ba, Ikilisiya ta hana. Ba ta tare ƙofa ba, ba ta kuma zagi wadda ta zo karɓa ba, sai dai ta nuna mata teburin malamin asibiti ta koma gefe. Wadda ta tambaye ta hanyar hutawa daga haihuwa, sai ta zaunar da ita ta koya mata lura da kwanakin wata, ta ƙara da cewa a tafi wankan jego gida a daɗe. Aka yi mata faɗa, aka ce za a sallame ta. Ta ce a sallama, ai tun kafin a gina asibitin take yanke cibi.

Mu tara ta haifa, don haka ba wanda zai ce abin a baki kawai ya tsaya. Ni kuwa huɗu na haifa na tsaya, kada kuma a tambaye ni yadda aka yi, wannan tsakanina da Fada ne, limamin cocinmu. Mun sha tafka musu da Mama a kan wannan magana muna juya shinkafa a shanya. Ni na ce wahalar mace ita ma abin dubawa ce, ita ta ce ba a rufe ƙofar da Allah ya buɗe. Ba wadda ta taɓa kayar da wata, kuma da yamma kwano ɗaya muke sa hannu.

Ina goyon 'yata ta fari aka fara maganar rigakafin shan inna. Wai an zuba maganin kashe mahaifa a cikin ɗigon da ake ba yara, don 'ya'yanmu mata su girma ba su haihu ba. Maganar ta shiga rediyo, ta shiga kasuwa, ta bi motocin tumatur har Kwanar Gafan ta dawo da ƙari. Mu ma a cocinmu akwai waɗanda suka yarda, domin tsoron ba na addini ɗaya ba ne, kuma mutane ba su manta da wani gwajin magani da aka taɓa yi wa yara a birni ba. Aka dakatar da rigakafin tsawon lokaci. Bayan nan gwamnati ta ce ta bincika ta gamsu, a ci gaba. Amma bakin gwamnati daban, zuciyar uwa daban. Masu rigakafi suka zo da akwatin sanyinsu da allinsu, aka riƙa ɓoye yara a rumbu da bayan ɗaki. Sai asibiti suka ce Mama ta riƙa raka su gida-gida, tunda ita ake buɗe wa ƙofa.

Maƙwabciyarmu ta bayan katanga aminiyar Mama ce, tare suke turara shinkafa suna kaiwa Kura ranar kasuwa. Gwaggo nake ce mata. Babban ɗanta cutar shan inna ta taɓa shi tun yana rarrafe, ƙafa ɗaya ta shanye, a kan keken guragu ya girma yana gyaran takalma a bakin tasha. Autarta kuwa sa'ar 'yata ce, mako kaɗan ke tsakaninsu. Mijinta, wanda kowa ke kira Malam, shi ke jan salla a masallacin unguwa, mutum ne mai auna magana.

Wata rana da la'asar, muna kwashe shinkafa daga tukunya, Malam ya yi sallama a zaure ya ce yana son ganin Mama. Ta yafa zane ta fita, ni kuma na laɓe a bakin ƙofa, don ni ba a yin magana a gidanmu ban ji ba.

“Ungozoma,” in ji Malam, “an ce da ke za a fito yawon ɗigon nan.”

“Haka suka ce, Malam. Ni ban ba su amsa ba tukuna.”

“To ga abin da ya kawo ni. Ni ban san abin da ke cikin kwalbar nan ba. Na ji na rediyo, na ji na gwamnati, duk kaina ya ɗaure. Amma garin nan kowa ya san ke kin ƙi raba ƙwaya har aikinki ya kusa tafiya. Wadda ta yi haka ba za ta ɗiga wa 'yata abin hana haihuwa ba. Idan kin ce lafiya, na yarda. Idan kin ce a'a, to a'a ne.”

Ni daga inda nake laɓe sai da kaina ya kumbura don alfahari. Na ɗauka Mama ma za ta ji daɗi. Amma da ta dawo cikin gida, ta zauna a kan turmi ta yi tagumi, shinkafa na ƙonewa ba ta ko kula ba. Na ce, “Mama, ai yabonki aka yi.” Ta ce, “Yabo? Kaya aka ɗora mini, 'yar nan. Ni ma ina na san abin da ke cikin kwalbar?”

Abin da ya hana ta sakat ke nan. Idan jita-jitar gaskiya ce, to da hannunta za ta aikata abin da ta ƙi duk rayuwarta, kuma a ɓoye, ga jariran da ba su san komai ba. Idan ƙarya ce ta kuma ja baya, to duk yaron da ƙafarsa ta shanye a garin, da shirunta a ciki.

Fada ba ya zuwa mana sai jefi-jefi, a kan babur, domin ƙauyukan da yake zagayawa suna da yawa. Ranar Lahadin da ya zo, Mama ta jira aka watse ta tare shi a gindin darbejiyar coci, ta jawo ni don in zama shaida. Yaro ne a kanta, ta haifi wanda ya girme shi, amma sai da ta rusuna.

“Fada, ka faɗa mini abin da Ikilisiya ta ce. In ɗiga ko kar in ɗiga?”

“Mama,” ya ce, “ni ban karanci haɗa magani ba, ba kuma zan yi miki ƙarya in ce na leƙa cikin kwalbar ba. Abin da na sani shi ne, da a ce an zuba abin hana haihuwa a ɓoye, wannan babban zunubi ne, kuma ni zan fara hana ki. Amma Ikilisiyar da ta ce kada a tare haihuwa, ita ce ta ce ɗan da aka riga aka haifa amana ne, dole a kare lafiyarsa. Sannan a cikin Dokoki Goma akwai ta shaidar zur. Maimaita abin da mutum bai tabbatar ba, shi ma yana ciki.”

“To ni ta ina zan tabbatar?”

“Ki tambayi wanda ya sani kuma kika yarda da tsoron Allahnsa. Idan kin yi iyakar bincikenki, ki bi abin da zuciyarki ta natsu a kai. Allah ba zai tambaye ki abin da ya fi ƙarfin saninki ba.”

Mama ba ta so amsar ba. A hanya ta ce mini ita eh ko a'a ta je nema, sai ga shi an haɗo ta da aikin gida. Duk da haka, cikin makon ta hau motar Kano ta je wurin wata tsohuwar Sista ta asibitin coci wadda ta koya mata aikin ungozoma tun tana budurwa. Sistar ta ce mata su ma a asibitinsu wannan maganin suke ɗigawa, sun bi diddigi iyakar iyawarsu ba su ga abin zargi ba, kuma 'yan matan da ta ɗiga wa a da yanzu su ke kawo mata nasu 'ya'yan. Mama ta ce ai masu magana sun ce na da daban, na yanzu daban. Sistar ta ce, “To wannan sai ki tambaye su inda suka gani.” Mama ta dawo da yamma, ta wuce tasha ta daɗe tana hira da ɗan Gwaggo yana ɗinkin takalmi, sannan ta shigo gida ta ce gobe za ta fita da masu rigakafi.

Da safe aka taru a ƙofar gidan mai unguwa. Maza na tsaye nesa-nesa, mata na leƙe ta katanga, ba wanda ya kawo yaro. Ni na fito kallo ne da goyona, ban san da ni za a fara ba. Sai Mama ta juyo ta miƙo hannu.

“Sauko mini da ita.”

Raina ya ɓaci nan take. Na matsa kusa na ce da ƙaramar murya, “Mama, da jikarki za ki yi gwaji a gaban jama'a? Ko shawara ba ki yi da ni ba.”

“Ba gwaji ba ne, na riga na natsu,” ta ce. “Amma abin da ban iya sa wa tawa a baki ba, ba ni da fuskar sa wa ta wani. 'Yarki ce, idan kin ƙi ba zan ƙwace ba.”

Na tsaya ina huci. Na dubi mijina, uban yarinyar, wanda ya baro ban ruwan tumatur ya zo da taɓo har gwiwa, ya ɗaga mini kai. Na kwance goyon. Mama ta matse mata kumatu ta ɗiga sau biyu, yarinyar ta ɓata fuska ta lashe baki, ko kuka ba ta yi ba. Kafin in gama mayar da ita baya, sai ga Malam da kansa ya fito rungume da autar Gwaggo. Daga nan aka fara fitowa ɗai-ɗai. Ba kowa ba, wasu har gobe ba su yarda ba, wani ma ya ce an sayi Mama da buhun taki. Ta ji ta ce to a nuna mata inda aka ajiye buhun, gonarta na bukata.

Rayuwa ta ci gaba yadda ta saba. Ruwa ya zo a kanal mu shuka, tumatur ya yi araha mu yanka mu shanya a bakin titi, Kirsimeti mu aika da shinkafa da kaji bayan katanga, da Sallah nama ya ƙetaro mana. Yaran suka girma da ƙafafunsu, suna tsalle cikin kanal muna binsu da tsumagiya. Ni har na manta da wannan safiyar.

Abu ɗaya dai na lura da shi bayan shekaru. Da 'yan matan nan da ta ɗiga wa suka fara aure, Mama ta tsufa ta bar karɓar haihuwa, ido ya yi rauni, coci ma sai an riƙe ta. Amma ko a Garun Mallam aka kai yarinyar garinmu, idan aka ce ta haihu, sai Mama ta sa an ɗora ta a babur ta je suna. Muka riƙa tsokanarta da cewa kwaɗayin naman suna ne ke ɗawainiya da ita. Ta yi dariya ta ce eh, haƙoran da ba ta da su ne ke ƙaiƙayi. Ranar sunan ɗan da autar Gwaggo ta haifa kuwa, har rawa ta taka da sandarta.

Tawa 'yar ce ta yi jinkiri. Ta yi aure, damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, shiru. Ni ban damu sosai ba, don ni ma ban yi saurin samu ba. Amma Mama ta rage cin abinci, carbinta ba ya barin hannunta, idan yarinyar ta zo gaishe ta sai ta bi ta da kallo har ta fita. Na ɗauka tsufa ne. Ko sau ɗaya ban haɗa abin da ɗigon nan ba, domin ai da bakinta ta ce mini ta natsu.

Da Allah ya kawo cikin, ya kuma sauke ta lafiya, 'ya mace, muka kawo ta gida wankan jego. Na ɗauki jaririyar na sa wa Mama a cinya. Ta shafa kanta, ta laluba 'yan ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta nemi hannun mai jegon ta riƙe gam, hawaye na bin fuskarta.

“Ashe ban cuce ki ba,” ta ce.

Yarinyar ta dube ni, ba ta gane komai ba, don ba wanda ya taɓa ba ta labarin. Ni kuwa na gane, sai na juya na hau gyara wutar ruwan wanka don kada a ga idona. Ina nan durƙushe na ji Mama tana cewa a zubo mata tuwo da yawa, a kuma leƙa asibiti a tambayo mata ranar da masu ɗigo za su zagayo.