Malam Elisha da Sudan ɗin da aka zana a tsakar gidana

Kullum da safe, ina zuba ƙullun masa a tanda a ƙofar gidanmu nan Ƙofar Ran, sai in ji tarin babur ɗinsa tun daga kwana. Babur ɗin ya girmi wasu matan aure. Malam Elisha ke nan, ya taso daga Yelwa zai tafi makaranta, da wata doguwar takardar taswira a naɗe a bayansa kamar tabarmar mai zuwa zaman makoki. Zai tsaya ya ce, "Iya, an tashi lafiya? A sa mini masu ƙonannen gefe." Shekara da shekaru, bai taɓa canza baki ba. Yanzu an ce ya ajiye aiki, shi ya sa na ce a rubuta mini abin da zan faɗa, tunda ni biro ba ya jin maganata.

Labarin ƙasa yake koyarwa. Kuma yana da wata ɗabi'a: duk shekara sai ya tambayi 'yan ajinsa, wa ke da ɗan'uwa a wata ƙasa? Ƙasar da aka zaɓa, ita za a yi ta tonawa har shekara ta ƙare. Tambayoyinsa biyar ne, yara har waƙa suke yi da su. Ina take? Yaya kamanninta, zafi ko sanyi, dutse ko rairayi? Yaya mutanenta ke zama da ita? Ta ina ake shiga, ta ina ake fita, da me? Sannan wane ɓangarenta ya yi kama da wane? Da na ji na ce, wannan ai binciken aure ne, saura a kai goro.

Shekarar da jikata Habibatu ta shiga ajinsa, Sudan aka zaɓa, saboda yayarta Juwairiyya tana Khartum tana karatun jinya. Yarinyar nan ta ishe mu. Kana cin tuwo ana gaya maka inda koguna biyu suka haɗu. Har na tare shi na ce, "Malam, Bauchi ta ƙare ne da za ka kwashi 'ya'yan mutane zuwa Sudan?" Ya yi dariya ya ce, "Iya, idan suka iya tambayar Sudan, za su iya tambayar Bauchi." Na ce to, Allah ya ba da sa'a, miƙo kuɗin masa.

Sai ga yaƙi ya ɓarke a Khartum, muna cikin azumi. Bayan salla Juwairiyya ta bugo ta ce sun samu mota za su nufi bakin teku. Daga nan shiru. Waya ba ta shiga. Rediyo kuwa kullum an kashe, an ƙone. Ni a tunanina Sudan ɗin duka ba ta wuce daga nan zuwa unguwar Gwallaga ba, duk harbin da aka faɗa a kan 'yar nan nake jin sa.

Ubanta, ɗana Ladan, ya ce shi ba zai zauna ba. Zai bi ta Maiduguri ya shiga Chadi ya faɗa Sudan, hanyar da kakansa ya bi ya je Makka a ƙasa. Tun yana yaro ake ba shi labarin hanyar nan, har ya ɗauka gadonsa ce. Na yi magana, na yi kuka, ya ce, "Inna, ki yi mini addu'a kawai." Ya haɗa jaka. Jika ta ɓace, ɗa zai bi ta.

Da safen da Ladan zai tafi, Malam Elisha ya tsaya, ya ga ban hura wuta ba. Na gaya masa. Nan take ya juya babur. Kafin hantsi sai ga shi da rabin aji, ya yi sallama, aka ba su hanya. Na zaci takardar bayansa zai warware. Ina! Gawayina ya ɗebo ya miƙa wa yaran ya ce, "Ku zana wa baban Habibatu Sudan."

Suka zana ta a simintin tsakar gida, tun daga bakin rijiya har ƙofar madafi. Habibatu ta aza murfin tukunya ta ce nan ne Khartum. Aka ajiye buta can gabas, wai teku, garin Fot Sudan. Malam ya ce, "Malam Ladan, bismilla, shigo ta inda ka ce za ka shigo." Ladan ya taka ta yamma, wajen rijiya.

Malam ya tambayi yara, "Ina ya taka?"

Yara suka haɗa baki: "Darfur!"

"Me rediyo ta ce kan Darfur?"

Habibatu ta ce, "Baba, daga inda kake zuwa murfin nan kamar daga nan zuwa Ikko ne. Kuma Yaya ta bar murfin, ta yi wajen buta. Kai kana shiga wuta, ita tana fita."

Ladan ya ce, "To shirun fa?"

Malam ya ce, "Tsakanin murfi da buta akwai daji da duwatsu, ga layukan waya yaƙi ya lalata. Ban ce maka ta tsira ba, wannan sanin Allah ne. Amma idan ta bugo, wa zai ɗauka?"

Ladan ya daɗe a tsaye cikin Darfur. Sannan ya fito, ya zauna a kan jakarsa. Na ce, "Sannu da dawowa, Alhaji. Yaya hanya?" Ranar ce na fara jin numfashina ya kai ciki.

Ba a rufe mako ba Juwairiyya ta bugo daga bakin tekun, da wayar wata. Ubanta ne ya ɗauka. Da aka miƙo mini ta ce, "Tsohuwa, kina nan ba ki mutu ba?" Na ce, "Ina jiran tsarabata, 'yar nema."

Malam Elisha, kai ne ka tare mini ɗa da gawayi. Kai ne mai babur mai tari, wanda bai taɓa taka Sudan ba amma ya hana a ɓata a cikinta. Ba ka yi wa Ladan wa'azi ba, ka bar 'yarsa ta nuna masa, ya fito da girmansa. Na gode, Allah ya saka, ya ba ka hutu mai daɗi da lafiyar gwiwa.

Ku kuma malaman da kuka rage, ku koya wa yara abin da za su iya zanawa a tsakar gida ran da uwarsu ta rasa inda za ta sa kanta.

Zanen nan na hana a share shi, sai da ruwan farko ya zo ya wanke. Malam, ko ka daina zuwa makaranta, ka riƙa biyowa. Masu ƙonannen gefen suna nan, ba mai sayensu sai kai.