Datsin Munzali

Munzali Hamisu bai taɓa ganin biba da idonsa ba, duk da shekara huɗun da ya yi yana digirin digirgir a kanta. Dabba ce ta ƙasashen sanyi, ta ninka gafiya girma, mai faffaɗan wutsiya, tana sare itace da haƙora ta datse rafi. Inda ta yi datsi ruwa yakan rage gudu, laka ta kwanta, ƙasa ta sha ta ƙoshi. Aikin wannan dabba ne ya kawo shi Kuala Lumpur yana ɗan shekara arba'in da ɗaya, tare da matarsa Sharifa da 'yarsu Kamila.

Kafin nan malamin gona ne a ƙaramar hukumarsu. Yana ji yana gani kwazazzabo na cin gonar da mahaifinsa ya bari, kowace damina taku biyu ko uku. Da ya samu tallafin karatu sai aka haɗa shi da wata farfesa 'yar Malesiya, Nuriyya, wadda ta daɗe tana nazarin rafukan Kanada ta hotunan tauraron ɗan'adam. Ita ta nuna masa cewa ba sai an ɗauko dabbar ba. Aikinta za a kwaikwaya: a kafa turaku a cikin rafi, a saƙa rassa a tsakani, a bar laka ta cike sauran.

Sun kama gida a unguwar Titiwangsa, hawa na sha huɗu. Kullum da safe yakan hau jirgin ƙasa, ya sauka ya bi motar jami'a zuwa wani rafi a bayan gari inda ya kafa datsi bakwai. Matsattsaku sun sha jininsa har ya daina ƙirga tabon ƙafarsa. A shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, da 'yan Najeriya ke taruwa cin gurasar roti, Dakta Ɓera suke ce masa, shi kuma ya yi dariya ya wuce. Ya san abin da ma'auninsa ke nunawa: ruwan da ke fita daga datsi na ƙarshe ya washe, gaɓar rafin ta daina zaftarewa.

Da ya kammala, bai tsaya bikin yaye ɗalibai ba, ya kwashi iyalinsa suka koma gida. Wata uku yana zirga-zirga a wata ma'aikata kafin darakta ya yarda ya gan shi. Mutumin ya buɗe kundin binciken Munzali, ya tsaya a shafin da ke da hoton dabbar.

"Malam Munzali, gwamnati ta tura ka har Malesiya, ka dawo mana da aikin ɓera?"

Ya yi bayani gwargwadon iko. Daraktan ya ce a bar kundin a wurin sakatare.

Sai ya tafi ƙauye. Ya tara manoman da gonakinsu ke bakin kwazazzabon, suka saro turaku, suka kafa datsi tara kafin ruwan farko. Daminar nan gonar ba ta rasa ko taku ɗaya ba. Ciyawa ta fito a ƙasan kwarin, awaki suka fara gangarawa kiwo. Mahaifiyarsa Ɗelu, wadda a da take ganin karatun nasa shirme ne, ta sa aka riƙe mata hannu ta je ta gani.

Da rani ya shigo, ɗan kwangila ya iso da katafila da takardar aikin magudanar siminti. Kafin azahar ya share datsin tara. Ya zuba simintin rabin hanya, ya kwashe kayansa, ba a ƙara ganinsa ba. Da damina ta dawo, ruwa ya bi santsin simintin da gudu ya faɗo daidai kan gonar. Abin da ya rage bai kai filin shanya ba. Ɗelu ta koma birni gidan ƙanen Munzali, ta daina zancen gona gaba ɗaya.

A wannan watan Farfesa Nuriyya ta rubuto cewa wani kamfanin gonakin kwakwar manja yana neman wanda ya iya aikin. Sharifa ta ce masa kada ya tsaya shawara da kowa. Suka dawo Malesiya.

Yanzu shekararsa uku yana kafa datsi a gonakin kamfanin, ana sabunta masa takardar aiki shekara shekara. Dabarar tana aiki sosai, kuma sunan kamfanin aka sa mata. Kamila ta kai aji shida. In ya yi mata Hausa, da Malayanci take amsawa.

Ranar wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, ya tsaya a wani kanti a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman yana zaɓa wa mahaifiyarsa yadi. Wani sabon ɗalibi ɗan Najeriya, Ubaidullah, ya gaishe shi da ladabi, ya ce yana son shawara kan binciken da zai fi amfanar mutanen gida. Munzali ya ci gaba da murza bakin yadin da yatsa.

"Zaɓi wanda za ka gama da wuri," ya ce. Sannan ya juya ya ce wa mai kantin ta yanko masa mita biyar na shuɗin.