Ciwon Wuyan Da Hatsarin Masaka Ya Bar Min

"Juya hagu, Hajiya," in ji likitan gashin ƙashi. Na ɗan juya, zafi ya tsayar da ni.

Bara ne wata bas ta daki tasinmu ta baya a cunkoson motoci na garin Masaka. Ni da Madam Rifkatu, abokiyar aikina, muke ciki. Ita ba ta daɗe ba ta warke. Ni har yau in zan sallame sallah, sai na juya jikina duka.

Na ce, "Likita, mota ɗaya muka shiga fa. Me ya sa ni kaɗai?"

Ya tambaye ni ko ina ciwon wuya kafin hatsarin. Ina yi, saboda zaman kwamfuta. Ya yi tsanani tun ranar, har da ciwon kai? Sosai. Ina tsoron motsa shi? Ƙwarai, don har barci nake da abin ɗaure wuya.

Ya ce, "Masu irin wannan, ciwonsu ya fi daɗewa. Cire abin ɗaurin nan, mu fara motsa wuyan a hankali."

Na cire.

Ashe lallaɓawar da nake yi ma tana riƙe ciwon. Wanda ya taɓa fama da wannan, ya ka ƙare?