Kakar Jariri da Malamar Shayarwa

Mai ɗinkin bakin kasuwa mace ce da ba a koya mata abu. 'Ya'ya bakwai ta shayar, sau da yawa ƙafa na kan keken ɗinki, jariri na ƙirji. Da autarta ta haihu, sai ta garƙame shago ta tare a gidan, tana jiran a nemi saninta.

Sai shayarwa ta ƙi. Jaririn ya kama ya saki, ya tsala ihu. Kan nonon ya tsage har da jini.

"Daure," in ji mai ɗinkin. "Haka kowa ta yi."

Rana ta biyar autar ta sunkuyar da kai ta ce, "Mama, na kira malamar shayarwa daga asibiti."

"Malamar me? Yau kuma nono sai an shiga aji?"

Da hantsi malamar ta iso, 'yar siririya, jaka a kafaɗa. Ta wanke hannu, ta tokare bayan mai jego da matashi, ta juya jaririn cikinsa ya manne da na uwarsa. Ta jira sai da ya wage baki sosai, sannan ta matso da shi. Ɗaki ya yi tsit, ba ka jin komai sai haɗiya.

"Wallahi babu zafi!" in ji autar, hawaye na zuba. "Anti, kin cece ni."

Maganar ta soki Mama har ƙahon zuci. Kwana biyar tana wanki tana jijjiga jika, ko rabin wannan godiya ba ta samu ba. Ta shige kicin tana buga murafen tukwane.

Da malamar za ta fita, Mama ta tare ta a ƙofa.

"'Ya'yanki nawa, 'yar nan?"

"Ko ɗaya, Mama. Allah bai kawo ba tukuna."

Mama ta so ta ji daɗin amsar, daɗin ya ƙi zuwa.

Jariri ya yi ɓulɓul. Amma kullum sai an ce, "Anti ta ce kaza," Mama ta taɓe baki. Bayan sati uku ta koma shagonta.

Wata rana wata mai jego ta kawo ɗinki, tana kukan ciwon nono. Mama ta ajiye almakashi, ta karɓi jaririn, ta juya shi ciki da ciki.

"Jira ya buɗe baki sosai. Yauwa."

"Kai, Mama! A ina kika koyi wannan?"

Mama ta ɗauki almakashinta, ta ce, "Zauna daidai in gwada ki."