Jajiberin Cire Mini Beli

Kakata ta wajen uwa, Iya Tabawa, da tatsuniya take auna jinya. In mura ta kama yaro, sai ta tafasa ganye da citta, ta juye a ƙwarya, ta lulluɓe shi da zane ya yi sirace, ta ce ba zai leƙo ba sai labari ya ƙare. Mai ƙaramar mura gajeriya yake samu. Wanda hancinsa ya toshe kuwa sai ta ja masa labari har gumi ya wanke shi. Don son tatsuniya har tarin ƙarya muke yi, ta ce, "Tafi can, ko akuya ta fi ki iya wannan tarin."

A Gwiwa take zaune, mu kuwa muna wani ƙauye a gindin duwatsun Roni, zamanin En'e. Ƙarshen damina take zuwa ta yi mana wata guda.

Ina shekara bakwai zuwanta ya dace da ciwona. Maƙogwaro ya kumbura, yawu ma da ƙyar yake wucewa, murya ta dushe, jiki zafi rau. Baba ya ce ba komai ba ne sai beli, ɗan naman nan da ke reto a can ƙarshen ganɗa. Da yake ni 'yar fari ce, a gidan Iya aka haife ni, aka kuma dawo da ni ba a cire shi ba. Ya aika wa wanzami ya zo gobe da hantsi. Na taɓa ganin yadda ake yi: a danne yaro, a danne harshe da ɗan icce, a zura ƙarfe. Wallahi na ji tsoro, ga shi ba ni da muryar da zan yi kuka.

Ba wanda zai hana. Innata ko sunana ba ta faɗa saboda kunyar 'yar fari, balle ta tsaya mini a gaban mutane. Iya kuwa suruka ce. In Baba ya shigo gida juya baya take yi, gaisuwarsu ma daga nesa, kowa kai a ƙasa. Ta yaya za ta dubi idon mijin 'yarta ta ce ya yi kuskure?

Bayan sallar isha sai ta yi abin da ba ta saba ba. Ta kwashe garwashi daga ɗakinta, ta hura wuta a jikin zanan da Baba ke zama bayansa yana tufka igiya. Ta sa na kuskure maƙogwaro da ruwan gishiri mai ɗumi, ta ba ni kunu da zuma kaɗan-kaɗan, ta jingina ni da ƙirjinta don numfashi ya samu hanya. Ƙannena ta ce su zauna can nesa kada su ɗauka. Sannan ta ɗaga murya fiye da yadda muke buƙata.

"Ga ta nan tafe, mai kunne ya tara."

Wai wata kurciya ce ɗanta ya wayi gari ba murya. Hankalinta ya tashi. Tsuntsaye suka ce mata wani abu ne ya tsiro masa a wuya, ta kai shi wurin maƙwaƙwafi, mai bakin da ke fasa icce, ya ciro. Maƙwaƙwafi ba mugu ba ne, aikin da ya gada ke nan. Ya zura baki ya ciro, aka yi ta murna. Amma jini ya ƙi tsayawa. Ta tare da fiffike, ta tare da ganye, kafin rana ta faɗi ɗan ya yi sanyi a ƙarƙashinta. Da wata shekara ta zo ɗanta na biyu ya kamu da irin ciwon, sai ta toshe kunne. Ta kwanta a kansa, tana ɗebo ruwa da baki tana ɗiga masa, tana sauraron numfashinsa. Ran kwana na uku ya yi kuka.

Ina jin ƙirjinta yana rawa a bayana. Bayan zana kuma motsin igiya ya ɗauke. Can sai Baba ya yi gyaran murya, ya kira Inna.

"Ki tambayi Iya, kwana nawa kurciyar nan take so?"

Iya ta dubi wuta, ta amsa wa Inna. "Uku. In zafin bai sauka ba, ko numfashi ya fara sarƙewa, kada a jira, a ɗora ta a jaki a kai ta ɗakin shan magani na Kazaure. Amma ban da ƙarfe."

Da hantsi wanzami ya zo, Baba ya ba shi goro ya ba shi haƙuri. Iya ba ta matsa daga gefena ba: sirace, ruwan gishiri, kunu, ta taɓa goshi, ta kasa kunne. Ran na uku na nemi tuwo da bakina, ta ce, "Oho, makwaɗaiciya ta tashi."

Mun sha roƙonta ta sake mana ta kurciya, ba ta taɓa yarda ba. Na daɗe ina zaton darasin haƙuri ne kawai, cewa mai jinya ya zauna kusa ya lura, kada firgici ya sa shi yin abin da ba ya gyaruwa. Haka na yi renon nawa 'ya'yan, ba wanda ƙarfe ya shiga bakinsa.

Sai bayan rasuwar Iya, Inna ta gaya mini tana da yaya namiji da ba ta taɓa gani ba. Yana shekara huɗu aka cire masa beli, Iya da kanta ta riƙe masa hannuwa. Shi ne ɗanta na fari, don haka ko a makokinsa ba ta yi kuka a fili ba, ba ta kuma taɓa kiran sunansa ba. Sau ɗaya tak ta ba da labarinsa a duniya, ina jingine da ƙirjinta, ni kuwa ina jin haushin tatsuniyar ta yi gajarta.