Sarkin da Ya Mutu Tuntuni Ya Hana Rijiya

Ko da zan manta da komai na aikin rediyo, ba zan manta da yammacin da na ba Baba Gado makirfo kai tsaye ba. Lokacin ina shekara ta biyu a wani ƙaramin gidan rediyon karkara cikin gundumar Agiye, ina gabatar da shirin tarihi. Ƙa'idarmu ita ce a ɗauki hira a faifai, darekta ya saurara, sannan a watsa. Ni kuwa kaina ya fara girma, don a kasuwar Cadawa har nuna ni ake yi.

Da kaka ne. An yanke gero, wake bai gama nuna ba, hukuma kuma ba ta sanar da ranar sakin gonaki ba, wato ranar da ake bai wa makiyaya izinin shiga su ci kara. Shanu sun riga sun sauko, suna jira a bakin burtali. Manoma da makiyaya rijiya ɗaya suke sha. A irin wannan mako ko tari mutum zai yi sai ya duba gefensa.

Baba Gado tsohon maroƙi ne, ya haddace labarin sarakunan yankin. Ya iso a makare, na ce bari kawai mu shiga kai tsaye. Ya fara lafiya lau, har ya kai kan wani sarki na kafin jihadi, wanda ba zan faɗi sunansa ba. Sai ya shiga zayyana abin da sarkin ya yi imani da shi: wai Allah ya raba mutane tun ran halitta, baƙaƙe manoma masu ƙasa, jajaye makiyaya masu yawo, wai ja ba ya riƙe amana, don haka ya rantse ba za su auri 'yar garinsa ba, ba za su zura guga a rijiyarsa ba.

Maɓallin yankewa yana ƙarƙashin yatsana, amma a wurinmu ba a katse maroƙi in ya ɗauko sarki, sai ya sauke shi da kansa. Haka aka raine ni. Na zauna ina jin tsohon yana ƙara armashi, har ya kai aya.

Kafin magariba waya ta fara ruri. Aka ce wasu samarin manoma sun je sun zauna a bakin rijiyar da sanduna, suna maimaita maganar sarkin suna dariya. Darekta, Malam Habu, ya kira ni buro, wato ofishinsa.

"Isa, ka san abin da ka kunna? In jini ya zuba gobe, sunanka za ni ba jandarma."

Gaskiya na tsorata.

Da safe sai ga Arɗo Bello, shugaban rugar makiyayan, a kan babur. Da na hango rawaninsa ta taga, na so ƙasa ta buɗe. Ya gaisa da kowa a natse, ya ce shi mai shirin yake nema. Na durƙusa.

"Arɗo, a gafarce ni."

"Tashi, ɗana. Maganar nan ba sabuwa ba ce, kakana ya hwaɗa mini ita. Amma da a zaure ake yin ta. Kai ka saka ta cikin akwatin da ɗiyana ke ratayawa a kafaɗa. Jiya da kyar na karɓe takubba biyu."

Ya nemi a buɗe masa makirfo. Na dubi darekta, don ban san abin da zai fito daga bakinsa ba, kuma in ya ce a rama, ta ƙare. Malam Habu ya gyaɗa kai.

Arɗo ya yi magana da Fulatanci, sannan da Hausa. Ya umarci mutanensa kada wanda ya kusanci rijiyar, su kora shanu zuwa wani tabki mai nisan wuni guda, su zauna can har a saki gonaki. Bai zagi kowa ba, bai ambaci sarkin ba.

Jini bai zuba ba. Amma ruwan tabkin ya riga ya gurɓace, maruƙa da dama suka mutu, kuma rugar ba ta sake yin kaka a gefenmu ba. Ni an dakatar da ni wata guda, na dawo kujerata.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, ku ɗauki kowace hira a faifai, ku saurara, ku kuma duba wane wata ake ciki. Kunyar tsoho ta hana ni taɓa maɓalli, waɗanda ba su ce komai ba kuma su suka kwashe kayansu suka bar garin.