Sunan Ɗan Fari a Sanyuanli

A shekarar da China ta karɓi wasannin Olamfik na je Guangzhou, amma ba sari ya kai ni ba. Na saba shiga kasuwar Baima in ɗebi dogayen riguna da mayafai, in ɗaure kaya in koma Kano. Wannan karon ko kallon shagunan ban yi ba. Ɗana na fari na je nema. Bizarsa ta ƙare, masaukai sun daina karɓar mai matacciyar takarda, ana tare mutane a hanya ana duba fasfo, shi kuma ya daina ɗaga waya. Wani mai sarin takalma ya ce min in ya kai kansa wurin hukuma da ƙafarsa za a sallame shi ya hau jirgi, in kuwa kama shi aka yi, to sai yadda Allah ya yi.

Tunda na haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakina ba. Haka muka tarar, uwa ba ta kiran ɗan fari. Kakarsa ta ɗauke shi tun yaye. In dole ta kama sai in ce "wancan", kowa a gidan ya san wa nake nufi.

Na sauka wurin wata Badamagariya mai dafa tuwo a ɗakinta a unguwar Sanyuanli, duk Bahaushen da ke garin ya ci daga tukunyarta. Ita ta ce min ana ganinsa a mashaya. Na ce a'uzubillahi.

Ta ce, "Hajiya, ban ce miki sha yake ba. Can ne kawai ake barin mutum ya kwana a kujera ba a tambaye shi takarda ba. Ku Kanawa kun iya neman riba, neman ɗa ya gagare ku. Ɗauko takalminki."

Muka fita bayan isha'i. Iskar garin nauyi gare ta, zufa na bin bayana a ƙarƙashin mayafi. Ban iya karatu ba, ba nasu ba ba namu ba, don haka da launin fitila nake gane wuraren. A ƙofar farko na tsaya na yi sallama, na jira a amsa. Badamagariya ta yi dariya har ta dafa bango.

"Limamin gidan ya fita, Hajiya. Shigo."

Wuraren ƙanana ne, wasu ba su kai zauren gidanmu ba. Wani mai shuɗiyar fitila, 'yan Kongo ne cike suna rawa kafaɗa na gugar kafaɗa. Wani, Inyamurai sun kewaye talabijin suna yi wa masu gudu ihu kamar za su ji su. A wani kuma tsoho ne ɗan China shi kaɗai yana waƙa da ido a rufe, ba mai sauraronsa sai kyanwa. Ko'ina warin giya da taba da soyayyen kifi. Duk inda muka shiga sai ta ce wa mai wurin "Lawban", wato maigida, ta faɗi sunan. Ni kuwa in juya ina kallon bango. Amsar ɗaya ce: "Me yo." Babu.

Na riƙa duba fuskoki. Na ga 'ya'yan mutane da yawa, har da wanda na san rumfar ubansa a Kwari. Yana ganina ya tura kwalba ƙarƙashin tebur da ƙafa, ya ce, "Hajiya, sannu da dare." Wata yarinya mai aikin wurin ta miƙo min ruwan ɗumi a kofi, na riƙe har muka fita ban kai baki ba. Gwiwoyina sun fara ciwo.

A bakin wani lungu muka hango motar 'yan sanda. Badamagariya ta ja baya.

"Hajiya, tawa takardar ma ba lafiya gare ta ba. Saura wancan mai jar fitila, a saman bene. Ki kira sunan, ba zai ƙona miki harshe ba."

Ta juya ta bar ni.

Na hau ina hutawa a kan matakala. Kiɗa kamar ana daka a ƙirjina. Can ƙarshen ɗakin na hango ƙeyarsa, ƙeyar ubansa sak, sai dai wuyan ya zama siriri. Kafin in ratsa teburan wani ya leƙo ya ce ga 'yan sanda nan, maza suka miƙe suka nufi ƙofar baya, har da shi. Na san in ya sauka ta can, garin nan ya haɗiye shi.

Na ce, "Kai!"

Duk namijin da ke wurin ya waiwayo, ban da shi. Hannunsa na kan ƙofa.

Sai na kira sunan. Ya fito min a bushe, kamar na ari bakin wata.

Ya tsaya cak. Da ya juyo ya daɗe yana kallona, sannan ya tako ya durƙusa a jiƙaƙƙen ƙasan nan yana gaishe ni, ana ta ture shi ana wucewa. Na shaƙi warin rigarsa. Ban tambaya ko nasa ne ko na wurin ba, har yau kuma ban tambaya ba. Na ce, "Tashi. Gobe za ka kai kanka."

A cikin tasi ya jingina kai da gilashi. Na zaci barci ya yi, sai na ji ya ce, "Hajiya, ashe kin san sunan."

Na ce, "Rufe min baki."

Ya kai kansa, aka sallame shi, muka hau jirgi ɗaya. Da muka isa gida matarsa ta tambaye ni yadda na same shi a wannan uban gari. Na ce wancan ya gaya mata, ni ƙafafuna sun kumbura, a sa min ruwan zafi.